Filin Kimiyya da Fasaha: Masinja Ba Ya Riƙe Makullin Sito

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin gwamnati ko na kamfani ya san yadda ake fid da kaya daga sito. Masinja ba ya shiga ciki ya ɗebi abin da ransa ya so. Yakan zo da takarda a hannu, ya tsaya a bakin taga, ya miƙa wa akawun sito. Shi kuwa akawu sai ya duba ko an cika takardar daidai, sa'an nan ya shiga ya ɗauko abin da aka rubuta, ba daɗi ba ragi, ya kuma sa a rajista. Masinjan yana iya zama mai wayo da saurin ƙafa, amma makulli yana aljihun akawu. Wannan tsohon tsari shi ne masu ilmin kwamfuta suka koma wa da suka tashi haɗa mataimakan nan masu ƙirƙirarriyar basira da ayyukan yau da kullum, kuma shi ne abin da wannan fili zai duba a makon nan.

Mataimakan da ake nufi, irin su ChatGPT na kamfanin OpenAI, wanda ya fito ran 30 ga watan Nuwamba 2022, da Claude na kamfanin Anthropic, da Gemini na kamfanin Google, gwanayen magana ne, domin an horar da su da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa. Amma saninsu ya tsaya ne a kan abin da suka karanta lokacin horo. Ba su san abin da ke cikin rajistar wani kanti ba, ba su san ko kwali nawa ya rage a ɗakin ajiya yau da safe ba. In kuwa aka matsa musu da tambaya, sau da yawa sukan ƙaga amsa mai daɗin ji, su faɗe ta da ƙarfin hali kamar sun gani da idonsu. Maganin wannan shi ne a buɗe musu taga a jikin sito, a ajiye akawu a bayanta. Tagar nan da akawunta su ne masu sana'ar ke kira saba ta kayan aiki, watau wata 'yar ƙaramar manhaja wadda ke zaune tana jiran buƙata, ta aikata abin da aka ƙayyade mata, ta mayar da amsa.

ASALIN ƘA'IDAR

Kafin ƙarshen shekarar 2024 kowane kamfani da irin tasa hanyar haɗa mataimaki da kayan aiki, sai ya zama wanda ya sha wahala ya gina wa wannan, tilas ya sake wani ginin in zai koma wa wancan. Lissafin abin a fili yake. A ce akwai mataimaka 10 da rumbunan bayanai 20. In kowane mataimaki sai an yi masa mahaɗi na musamman da kowane rumbu, ana bukatar mahaɗai 200 ke nan. Amma in duka suka yarda da ƙa'ida guda, gini 30 ya isa: 10 a wajen mataimakan, 20 a wajen rumbunan.

Ran 25 ga watan Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic, wanda ke birnin San Francisco na Amurka, ya fito da irin wannan ƙa'ida, ya sa mata suna Model Context Protocol, a taƙaice MCP, ya kuma bar ta a buɗe ga kowa ba tare da biyan ko kwabo ba. Injiniyoyinsa biyu, David Soria Parra da Justin Spahr-Summers, su ne suka tsara ta, sun kuwa ɗauki darasi daga wata ƙa'ida da kamfanin Microsoft ya fitar a 2016 domin sauƙaƙa wa masu rubuta manhaja aiki da harsunan kwamfuta iri-iri. A watan Maris 2025 kamfanin OpenAI ya ba da sanarwar ya karɓe ta, a watan Afrilu Google ya bi sahu. A watan Disamba 2025 kuma Anthropic ya miƙa ragamarta ga wata sabuwar gidauniya a ƙarƙashin Linux Foundation, don kada ta zama mallakar kamfani ɗaya. Amfanin wannan ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne, sabar da ya gina sau ɗaya tana iya yi wa mataimaka da dama aiki, ba sai ya ɗaure kansa ga kamfani guda ba.

YADDA ZANCEN KE GUDANA

Akwai ɓangarori uku a cikin al'amarin. Da fari akwai mataimakin kansa, mai karanta magana ya yanke shawara. Sa'an nan akwai manhajar da mutum ke hira da shi a cikinta, wadda ake kira mai masauki. Na uku kuwa ita ce saba. Mataimaki ba ya magana da saba kai tsaye. Mai masauki ne ke kai saƙo ya komo da amsa. Saƙonnin kuma ana rubuta su ne bisa wani tsari mai suna JSON-RPC 2.0, wanda rubutu ne a sarari da mutum zai iya buɗewa ya karanta.

Bisa tsarin ƙa'idar na 2024 da 2025, zancen yana farawa da gaisuwa: kowane ɓangare ya faɗi irin bugun ƙa'idar da yake bi da kuma abin da zai iya yi. Daga nan mai masauki ya nemi jerin kayan aikin da sabar ke da su, da saƙon da ake kira tools/list. Sabar ta aiko da sunan kowanne, da bayanin abin da yake yi, da irin abubuwan da za a cika kafin a yi amfani da shi. Wannan jeri shi ake shimfiɗa wa mataimaki. In mutum ya yi tambayar da ta dace da ɗaya daga cikin kayan, sai mataimakin ya cika takardar buƙata, mai masauki ya kai ta da saƙon tools/call, sabar ta yi aikin ta mayar da sakamako, mataimakin ya juya shi zuwa magana mai sauƙin fahimta. Ban da kayan aiki, saba tana iya ba da takardun karantawa da kuma shiryayyun umarni, amma mai farawa ya tsaya a kan kayan aiki ya wadatar.

Hanyar tafiyar saƙon iri biyu ce. In sabar da mai masauki suna cikin kwamfuta ɗaya, mai masauki ne ke tayar da ita, su riƙa musayar rubutu ta ƙofofin shiga da fita da kowace manhaja ke da su; ana kiran wannan stdio. In kuwa sabar tana wata kwamfuta mai nisa, sai a bi ta intanet, kuma nan tilas a sa matakan tantance mai shiga. Hanya ta farko ita ce ta mai koyo.

GININ KANSA

Don a ga abin a aikace, a ɗauka akwai ɗakin ajiye magunguna na wani ƙaramin asibiti, wanda rajistarsa ke cikin kwamfuta a wani fayil irin na SQLite, manhajar adana bayanai ta kyauta da D. Richard Hipp ya fara fitarwa a shekara ta 2000. Mai kula da ɗakin yana so ya riƙa tambayar mataimaki abu biyu kawai: nawa ya rage na magani kaza, da kuma waɗanne magunguna ne wa'adinsu ya kusa cika.

Abu na farko shi ne a sami harshen Python a kwamfutar, bugu na 3.10 ko wanda ya fi shi sabunta, sa'an nan a sauko da ƙunshin ƙa'idar da umarnin pip install mcp. A cikin ƙunshin da aka yi ta aiki da shi a 2025 akwai wani sashe mai suna FastMCP, wanda ya ɗauke wa magini nauyin gaisuwa da tsara saƙonni. Sai a buɗe fayil, a kira wannan sashe, a ba sabar suna. Daga nan a rubuta ɗan aiki na farko, a ce masa duba_saura: yana karɓar sunan magani, ya leƙa rajista, ya mayar da adadi. A rubuta na biyu, kusa_da_lalacewa: yana karɓar yawan kwanaki, ya mayar da jerin magungunan da wa'adinsu zai cika cikin waɗannan kwanaki. A saman kowanne a ɗora alamar @mcp.tool(), wadda ita ce ke shaida wa sabar cewa wannan aiki na cikin waɗanda za a nuna a taga. A ƙarshen fayil a rubuta mcp.run(). Layukan duka da wuya su kai 50.

Abin lura a nan shi ne, magini yana faɗin irin abin da kowane aiki ke karɓa, cewa sunan magani rubutu ne, kwanaki kuwa lamba ce, sa'an nan ya rubuta ɗan bayani da maganar mutane a ƙarƙashin sunan aikin. Daga waɗannan biyu ne ƙunshin ke haɗa takardar da za a nuna wa mataimaki. Saura kuma a sanar da mai masauki inda sabar take. A manhajar Claude ta kwamfutar tebur, alal misali, akwai wani fayil na saiti inda ake rubuta sunan sabar, da umarnin tayar da ita, da cikakken adireshin fayil ɗinta tun daga tushe. A rufe manhajar a sake buɗewa, sai kayan aikin su bayyana.

Akwai tuntuɓe guda da kusan kowane sabon magini ke yi. Masu rubuta Python sun saba da umarnin print don ganin abin da manhajarsu ke ciki. To, a hanyar stdio wannan umarni yana zuba rubutunsa ne a ƙofar da saƙonnin ƙa'idar ke bi, sai ya gurɓata su, mai masauki ya kasa fahimta, zancen ya yanke. Wajibi ne a karkatar da irin wannan rubutu zuwa ƙofar rahoton kurakurai, watau stderr, ko kuwa wani fayil dabam.

INDA AIKIN YAKE

Mai karatu zai ga cewa ginin ba shi da wuya, ɗalibin da ya yi wata biyu yana koyon Python zai iya gama shi da yamma ɗaya. Wahalar tana cikin 'yan jimlolin nan na bayani. Mataimaki ba ya ganin layukan umarnin da ke cikin sabar, ba ya ganin rajista. Abin da ke gabansa shi ne suna da bayani da guraben cikawa, da su kaɗai yake yanke shawarar ko ya yi amfani da kayan aikin, da yadda zai yi. In bayanin ya ce “yana duba magani” ya tsaya nan, an bar masinja da ƙirƙira. In kuwa ya ce aikin yana mayar da yawan ƙwayoyin da suka rage, ƙwaya ɗaya-ɗaya ake ƙirgawa ban da kwali ko fakiti, kuma ana neman sunan maganin na asali kamar yadda yake a rajista, to an rufe ƙofofin kuskure da dama. Bambancin ƙwaya 200 da kwali 200 shi ne bambancin asibitin da zai aika a sayo magani yau da wanda zai kwana da zaton yana da na wata shida.

Haka kuma amsar da sabar ke mayarwa in abu ya ƙi. Maganin da ya ƙare dabam, wanda babu sunansa a rajista dabam. In sabar ta mayar da sifili a duka biyun, mataimakin zai ce wa mai tambaya magani ya ƙare, alhali kuwa harafi ɗaya aka kuskure wajen rubuta sunan, maganin na nan jibge a kan kanta. Ƙa'idar ta tanadi yadda saba za ta nuna cewa aiki bai yiwu ba, ta kuma faɗi dalili. Ya kamata ta ce ba a sami wannan suna ba, ga sunayen da suka yi kama da shi. Da wannan mataimakin zai gyara buƙatarsa ya sake tambaya.

Ana iya rubuta bayanin da Hausa, kuma manyan mataimakan suna fahimta gwargwado. Amma da yake rubutun Hausa da suka karanta lokacin horo bai kama ƙafar na Turanci ba, kyautuwa ya yi a gwada sosai, a yi tambaya ɗaya ta fuskoki da yawa a ga ko mataimakin yana zaɓen kayan aikin da ya dace kowane karo. Kafin ma a kai ga mataimaki, akwai wata manhajar gwaji ta kyauta mai suna MCP Inspector, wadda ke ba mutum damar ganin jerin kayan da idonsa, ya cika guraben da hannunsa, ya ga amsar da ta fito. A gwada ta da sunan da babu, da gurbi fanko, da kwanaki 0, da rubutu a inda ake neman lamba.

ƁARAWO TA TAGA

Sai kuma babbar magana, watau tsaro. Rauni mafi girma na mataimakan nan shi ne ba su iya rarrabe umarnin mai gida da umarnin da wani ya ɓoye a cikin takardar da aka ba su su karanta ba. Duk rubutu ne a wurinsu. Wani masanin manhaja ɗan Ingila, Simon Willison, shi ya raɗa wa wannan cuta suna a watan Satumba 2022, da kalmomin da ma'anarsu ita ce cusa umarni. A watan Yuni 2025 kuma ya yi gargaɗi game da haɗuwar abubuwa uku a hannun mataimaki ɗaya: damar ganin bayanan sirri, da karanta rubutun da baƙo ya rubuta, da hanyar aika saƙo waje. In ukun nan suka haɗu, ɓarawo ba ya bukatar fasa ƙofa. Ya ishe shi ya rubuta wa masinja wasiƙa.

An kuwa ga misalai. A watan Afrilu 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs da ke Zurich a ƙasar Suwizalan suka nuna yadda za a ɓoye mugun umarni a cikin bayanin kayan aiki. Nasu gwajin ɗan aiki ne na tara lamba biyu, amma a cikin bayaninsa an umarci mataimaki ya karanto fayilolin makullan sirri na mai kwamfutar ya haɗo da buƙatar. A watan Mayu na shekarar suka sake nuna cewa saƙon da baƙo ya rubuta a shafin jama'a na wani aiki a GitHub yana iya jan mataimaki ya kwaso bayanai daga ma'ajiyar sirri ta mai aikin ya baza su a fili. A watan Satumba 2025 kuma aka gano wata sabar aika wasiƙu ta jabu a rumbun manhajoji na npm, wadda ta ari sunan wani sanannen kamfani. Da fari tana aiki lami lafiya ana sabunta ta, har mutane suka saki jiki, sa'an nan mai ita ya ƙara layi ɗaya tak wanda ke tura masa kwafin kowace wasiƙa a asirce.

Saboda haka mai gina sabar ɗakin magani yana da sharuɗɗa da bai kamata ya tsallake ba. Ya buɗe fayil ɗin rajista a matsayin na karantawa kaɗai, abin da SQLite ta ba da dama a yi, ta yadda ko mataimaki ya ruɗe ba zai iya goge layi ɗaya ba. Kada ya yi kayan aikin da ke karɓar kowace irin tambaya ya miƙa wa rajista yadda ta zo, domin yin haka daidai yake da damƙa wa masinja makulli. Ƙananan ayyuka masu iyaka sun fi. Sunan da mataimaki ya aiko a ɗauke shi kamar takardar baƙo, a sa shi cikin gurbin da aka tanada, kada a liƙa shi kai tsaye a jikin umarnin binciken rajista. Sunayen marasa lafiya, in suna cikin fayil ɗin, kada wani aiki ya taɓa su, musamman da yake duk amsar da saba ta mayar tana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanin da ke tafiyar da mataimakin, sai fa in mataimakin a cikin kwamfutar gida yake zaune. Kowace buƙata da aka kawo kuma a rubuta ta da lokacinta, kamar yadda akawun sito ke yi.

In wata rana aka ga bukatar ƙara aikin da ke canja wani abu, kamar rage adadi a rajista ko aika odar sayen magani, to nan ne wurin tsayawa a yi tunani. Takardar ƙa'idar da kanta ta yi horo da cewa a bar ɗan Adam a tsakani, mai ikon hana aiki kafin a zartar, shi ya sa masu masauki da yawa ke tsayawa su nemi izini. Amma mutum yakan gaji da danna amincewa, ya koma dannawa ba karatu, ko ya ba da izini na dindindin don ya huta. Wanda ya yi haka ga aikin da ke taɓa kuɗi ko magani ya sallami akawunsa ke nan.

Haka nan sabar da wani ya gina. Akwai dubbai a intanet, na kirki da na banza, kuma kowacce in aka tayar da ita a kwamfuta tana samun irin ikon da mai kwamfutar ke da shi. Kafin a ɗauko ta a san wanda ya rubuta, a karanta bayanan kayan aikinta duka, a kuma tsaya a kan bugun da aka bincika, kada a bar ta tana sabunta kanta ba a sani ba.

Shawarar wannan fili ga ɗalibai da ma'aikatan ofis masu sha'awar gwadawa ita ce su fara da kayan aiki ɗaya mai karantawa kaɗai, a kan kwafin rajista wanda ko ya lalace ba a yi asara ba. Su yi mako guda suna yi masa tambayoyi, suna gwada amsarsa da abin da ke kan kanta, suna gyara bayanin duk inda mataimakin ya kauce. In mako ya cika lissafi bai saɓa ba, sai su ƙara na biyu.